Yawan Shekaru Kaɗai Ba Ya Hana a Buɗe Jijiyar Zuciya



Idan likita ya ce dattijo na buƙatar a buɗe masa jijiyar zuciya, amsar da aka saba ji daga iyali ita ce: "Likita, Baba ya manyanta, kada a wahalar da shi." Tausayi ne ya kawo wannan magana, kuma ina girmama shi. Amma sau da yawa tausayin yakan hana tsoho maganin da jikinsa zai iya ɗauka.

Aikin da nake nufi ba a tsaga ƙirji a cikinsa. Siririn bututu ake zurawa ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har ya kai bakin jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. A fesa wani ruwa da ke fito da su a hoto, in an ga inda kitse ya toshe hanya sai a hura ɗan balan-balan a wurin, a bar 'yar ragar ƙarfe, wato siten, ta tokare shi. Galibi majinyaci idonsa biyu ake gamawa. Andreas Grüntzig ne ya fara aikin balan-balan a Zurich a 1977, siten ya biyo baya a 1986.

An daɗe ana gwaje-gwaje a kan masu matsakaitan shekaru, tsofaffi kuwa sai a yi musu kintace. Yanzu an samu haske. A Norwe, binciken da aka buga a 2016 ya bi mutum 457 da suka kai shekara 80 zuwa sama. Waɗanda aka duba jijiyoyinsu aka gyara sun fi waɗanda aka bari da ƙwayoyi kawai tsira daga sake bugun zuciya da buƙatar buɗe jijiya cikin gaggawa. Sai kuma SENIOR-RITA na Birtaniya, wanda Farfesa Vijay Kunadian ta Newcastle ta jagoranta, aka buga a 2024. Mutum 1,518 ne, masu shekara 75 zuwa sama, har da masu rauni da waɗanda mantuwa ta fara kamawa. Matsalar da aikin kansa ya haddasa ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Sake bugun zuciya ya ragu, daga kashi 15 zuwa ƙasa da 12. Amma yawan mace-macen bai sauya ba, kuma wajibi ne likita ya faɗa wa iyali wannan ba tare da kwana-kwana ba. Ku lura, wannan bincike kan bugun da jijiya ba ta toshe ɗungurungum ba ne. In ta toshe gaba ɗaya, gaggawar buɗe ta ita ce ceton rai, komai shekaru.

Haɗari akwai shi. Jijiyar tsoho takan yi tauri, ƙodarsa ba ta jure ruwan hoton nan kamar ta matashi, kuma jini ya fi saurin ɓalle masa. Shi ya sa aka koma bi ta wuyan hannu, domin zubar jini ta fi ƙaranci a can, majinyaci kuma ya tashi zaune da wuri.

Abin da ya kamata a auna shi ne ƙarfin jiki. Baba yana takawa masallaci da ƙafarsa? Inna tana yin alwala da kanta, tana gane jikokinta, tana cin abinci? Ɗan shekara 85 da ke zagaya gonarsa ya fi ɗan 70 da ya shekara a kwance dacewa da aikin. Sannan a tambayi shi mai jikin. Mun saba 'ya'ya su yanke shawara a waje, tsoho na ciki ba wanda ya ji ta bakinsa, alhali zuciyar tasa ce.

Ina kuma roƙonku ku sa ido kan alamomi. Tsoho, musamman mai ciwon suga, ba lalle ya ji ciwon ƙirji ba. Haki, zufa mai sanyi, amai ko rikicewar tunani ne za a gani, a ce olsa ce, a kwana ana ba shi maganin ciki.

Bayan an sa siten, likita zai ba da asfirin tare da wani maganin hana daskarewar jini, irin su kilofidogirel. Kada a tsayar da su don an ga sauƙi ko don kuɗi sun yanke ba tare da an koma wurinsa ba, domin jini na iya daskarewa a cikin ragar ya toshe ta farat ɗaya. Kada kuma a haɗa su da magungunan ciwon gwiwa na kemis irin su dikulofenak. In aka ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, a kai shi asibiti a ranar.