Kogin da Yake Tafiya da Komowa

 Yau hirar tamu za ta kai mu Kalaba, can bakin teku, inda Hausawa suka daɗe da zama a unguwar Bogobiri. Wata cikinku mijinta na can yana fatauci, wata kuma gobe a ce an kai 'yarta aure can, har ta kama a shiga jirgin ruwa zuwa Oron ta jihar Akwa Ibom.

To, kogin can ba irin namu ba ne. Namu ya cika da damina, ya ƙafe da rani. Na Kalaba kuwa, da yake bakinsa a haɗe yake da teku, sau 2 yake tumbatsa a yini da kwana, sau 2 yana janyewa. Kamar awa 6 ruwa na shigowa, kamar awa 6 yana komawa, kuma kullum lokacin na ƙara jinkirta da kusan minti 50. Wata ne ke jansa, ikon Allah! Shi ya sa a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar ta fi yawa, janyewar ma haka.

In ruwa ya janye, inda jirgi ya bi da safe sai ki ga taɓo da yashi da saiwoyin itatuwa. Saboda haka in matuƙi ya ce a dakata, ba wulaƙanci ba ne, ruwa yake jira. Akwai kuma alamomi masu yawo a kan ruwa: mai shigowa tasha daga teku yakan bar ja a hagunsa, kore a damansa, ya bi ta tsakiya. Dab da gaɓa sai ya rage wuta, don igiyar da injinsa ke tayarwa na iya kifar da kwalekwalen masunta.

Abin da ya fi damuna shi ne kunyarmu. A miƙo rigar kariya, mace ta ce ina za ta ɗora wannan a kan hijabi a gaban maza. Haba Hajiya! Ki sa, ki ɗaure igiyoyinta tam, ki nemi ta yaro daidai jikinsa. In jirgi ya cika maƙil ko magariba ta kawo jiki, ki lallaɓa maigida a jira safiya. Hukumar NIWA ma ta hana tafiyar dare.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida yara.