Kuɗin Shiga Gasar Wasan Salula: Daga Aljihun Wa Kyautar Take Fitowa?

Malamanmu, iyayenmu, shugabannin matasan Tanut da baƙinmu da suka taso daga Balbeji, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana a kan gasar wasannin bidiyo da ƴaƴanmu ke bugawa ta intanet, da kuɗin da ake karɓa kafin a shiga. Na san a cikinku akwai dattawan da ke ganin abin bai kai a tara jama'a a kansa ba. Ku yi mini haƙuri. Duk wanda ya ratsa fadar samari bayan isha'i ya ga kawuna sunkuye a kan salula, ana Free Fire, ana PUBG, ana eFootball. Tun ana yi don nishaɗi har aka kai ga "kowa ya zuba". Wani zai buɗe rukuni a WhatsApp, ya ce a turo masa kuɗin shiga ta Nita ko Amana, wanda ya ci ya kwashe.

Mu yi ɗan lissafi, misali ne kawai. Yara 32, kowa ya ba da jika guda, an tara jika 32. Na ɗaya ya samu 20, na biyu 7, mai shiryawa ya riƙe 5. Yara 30 sun tafi hannu rabbana. Mai shiryawar nan da ake yi wa kirarin kyauta bai sa ko dala ba, ya ɗauki kanwar baƙi ne ya ba awakin baƙi. Tambayata a yau ita ce: daga aljihun wa kyautar ta fito? A ganina a nan hukuncin yake, a shari'a da a dokar zamani.

Samari za su ce ai gwaninta ce, ba sa'a ba. Suna da hujja. A Amurka alƙalai na duba abu uku kafin su kira wasa caca: akwai kyauta, an biya kafin a shiga, kuma sa'a ce ke raba gardama. Idan gwaninta ta rinjayi sa'a, jihohi da yawa sukan ƙyale. To amma ku da kuke bugawa kun fi ni sanin yadda rezo, wato layin sadarwa, yake a nan Damargu. Yaron Tarka da ya kara da yaron Yamai, kafin harsashinsa ya fita an riga an harbe shi. Wannan gwaninta ce ta kayar da shi? Ga mai saka manhajar maguɗi, ga wanda zai ba yayansa salula ya buga masa, babu alƙalin da ke gani.

Malamanmu sun daɗe da tattauna batun gasa da kyauta, tun ba a san wutar lantarki ba. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta gasa da kyauta a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya. Ra'ayin Imamu Malik a can shi ne mutum guda ya fitar da kyautar. In wani ya tsere masa ya ɗauka, in kuwa shi ya yi gaba, ba ta komawa aljihunsa, mai bi masa ake ba. Ku lura da hikimar: an toshe hanyar da kowa zai zuba yana kwaɗayin na ɗan'uwansa. A watan Janairun 2003, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Doha, ta yanke cewa gasar da kuɗin shigarta, duka ko wani sashe, ke shiga cikin kyauta, nau'in caca ce. Ta kuma sa sharaɗin gasar ta zama mai amfani, kada ta sa a bar wajibi. Ko Free Fire ta cika wannan sharaɗi, na bar wa malamai da ke zaune a gaba.

Abin da ya ba ni sha'awa, Faransa ta zo kusa da wannan hukunci ta tata hanya. Kafin 2016, gasar bidiyo mai kuɗin shiga tana ƙarƙashin haramcin caca a dokarsu. Dokar 7 ga Oktoba 2016 da ƙa'idojin da suka biyo ta a Mayun 2017 suka buɗe ƙofa, da sharuɗɗa. In a zaure guda ake gasar, ido na ganin ido, ana iya karɓar kuɗin shiga, amma kada jimillarsa ta wuce abin da aka kashe wajen shiryawa. In ta intanet ce, ba a karɓar komai ban da kuɗin intanet da na sayen wasan. Yaro sai da izinin iyaye, wanda bai kai shekara 12 ba kuwa ba ya shiga gasar kuɗi sam. Indiya a Agustan 2025 ta haramta wasannin zuba kuɗi na intanet, na sa'a ne ko na gwaninta, ta ware gasar bidiyo a matsayin wasa. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta ce a Nuwamban 2024 jihohi ke da iko da harkar caca, don haka dokar Kano daban, ta Legas daban. Wannan ya shafe mu, domin rukunin WhatsApp bai san kan iyaka ba. In mai shiryawa yana wata ƙasa ya kashe salula da kuɗin ɗanka, gaban wane alƙali za ka kai ƙara?

A nan gida, wasannin sa'a na kuɗi suna hannun LONANI, hukumar gwamnati. Saurayin da ke tara jika-jika a rukuni ba shi da takardar kowa, shi ma yana cikin haɗari bai sani ba.

Manyan gasannin da yaranmu ke mafarki ma ba haka suke ba. A 2019 wani ɗan shekara 16 ya ci dalar Amurka miliyan 3 a gasar duniya ta Fortnite a New York, kuma kamfanin wasan ne ya sa kuɗin, ba abokan karawarsa ba. Me zai kai mu nesa? Kokowar takobi da aka fara a Tawa a 1975, kowace jiha da ƴan kokowarta 10, ba su ke haɗa kyautar sarkin kokowa ba. Gwamnati da kamfanoni da masu hali ke bayarwa, shi ya sa wanda aka kayar yake tashi ya rungumi wanda ya kayar da shi, ba a ci masa ko sisi ba.

Ni ba na cikin masu cewa a ƙwace salula. An makara, kuma hani zai mayar da abin ɓoye ne. Abin da nake nema shi ne a raba kuɗi biyu. Na hidima, wato haya, man janareto, ruwan sha, a faɗe shi a fili, a kashe shi a kan abin da aka ce. Kyauta kuwa ta fito daga wanda ba ya cikin gasar: ɗan kasuwa, kamfanin waya, ko ma'aikatar magajin gari. A rubuta ƙa'idoji kafin a fara, har da hukuncin wanda rezo ya yanke masa. Zagayen ƙarshe a yi shi a gidan matasa, gaban shaidu, da rana.

Alhazanmu na kasuwar hatsi da ta dabbobi, kuna sa kyauta a sukuwa da ƙwallon unguwa. Ku sa a nan ma. Hukumomin Tanut da Tarka, ku buɗe rajista, duk mai shirya gasa ya zo ya rubuta sunansa da tushen kyautarsa. Iyaye kuma, in yaro ya roƙi jika don gasa, ku tambaye shi wa ya sa kyautar kafin ku buɗe aljihu.