Garin Kwana a Bakin Layin Dogo

Yau za mu leƙa Knivsta, wani ɗan gari a ƙasar Suwidin, tsakanin Stockholm da Uppsala.

Layin dogo ya ratsa yankin a 1866, lokacin duk gonaki ne da daji. Tasha ta kafu, masana'antar yankan katako ta zauna kusa da ita, ma'aikata suka yi gidaje. A da, mutum a garin yake aiki, a garin yake kwana. Yanzu kuwa, da sassafe za ka ga kekuna jere reras a bakin tasha, masu su sun tsaya cikin rigunan sanyi, kowa ido a kan allon da ke nuna lokacin jirgi. Uppsala kamar minti 10 ce, Stockholm ta ɗan haura rabin awa, ga filin jirgin sama na Arlanda a gefe. Gida a nan ya fi na babban birni sauƙi, sai matasa masu ƙananan yara suka yi ta kwararowa. A 2003 Knivsta ta rabu da Uppsala ta zama ƙaramar hukuma, kuma daga mutum dubu 12 da wani abu, yau ta haura dubu 20.

To, ga inda nake tsoro. Duk wannan jama'a layin dogo biyu suke dogara da su. Na'urar ba da hannu ta lalace, ko ƙanƙara ta toshe hanya, shi ke nan, mai zuwa ofis ya makara, mai ɗauko yaro daga gidan reno ya makara. Ku da kuke kama haya a Mararaba don aiki a Abuja, ai ba sai na yi muku bayani ba. Kullum kuɗin haya kuke lissafawa, ba kwa lissafa hanya. Araha ba ta ado, Malam!

A 2017 gwamnatin Suwidin ta yi yarjejeniya da mahukuntan Knivsta: za a mai da layin huɗu, a yi sabuwar tasha a Alsike da ke kusa da garin, su kuma su gina gidaje dubu 15. Nan gardama ta tashi, wasu na cewa garin zai fi ƙarfinsu. Gina gida ba ya jira, shimfiɗa dogo kuwa sai an shekara da shekaru. Shi ya sa nake nanatawa, kafin ka biya dillali, ka bi hanyar nan da kanka ranar Litinin da safe, ba ranar Lahadi ba.