A Gyara Ɗaki Kafin A Sayi Fanka

Hajiya Shugaba, iyayena mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka samu zuwa, barkanmu da zagayowar wannan rana. Ni dai kun san ni, tumatir da tattasai nake sayarwa. Ban yi boko ina yarinya ba, sai da na haifi na biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, in kun ji na yi tuntuɓe ku yi haƙuri.

An ce in yi magana a kan abin da muke yi da kuɗin adashe. To bana mu da yawa muka zuba kason mu a sola da fanka, har da ni. Shi ya sa na zaɓi zancen zafi da sanyin ɗakunanmu.

Da muna yara a nan Karofi, ɗakin kakata na ƙasa ne, rufin azara. Tsakar rana a watan Afrilu in kika shiga sai ki ji kamar an yayyafa ruwa. Katangar tana da kauri, rana ba ta ratsa ta da wuri. Yau mun koma bulo da kwano, mun huta da yaɓe da yoyo, amma kwano ba ya riƙe sirri: da rana ya sauke miki zafin duka, da hunturu kuma ya sauke miki sanyin. Ga shi daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar nan kan haura digiri 40.

Da na ɗauki adashe, sai na garzaya Dutsin-Ma na sayo farantin sola da batir da fanka. Daren farko na kunna, wallahi iskar da take buso mana kamar ta bakin murhu. Nan na gane fanka ba ta ƙera sanyi, iskar da ta tarar a ɗaki ita take juyawa. Ɗakina ba silin, tagarsa ɗaya ce, ita ma maigida ya toshe ta da kwali tun hunturu. Da muka sa silin, muka fasa wata taga ta fuskanci waccan, muka kafa rumfar zana a jikin bangon yamma inda rana ke duka da la'asar, sai ga fankar nan ta zama fanka. Da na sani, da silin na fara. Ku dasa dogon yaro ma a tsakar gida, inuwarsa ba ta cin batir. Malaman asibiti kuma kullum suna jan kunnenmu cewa cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana taimakon sanƙarau, kuma ba mu manta yadda ya yi ɓarna a Katsina da Zamfara da Sakkwato a 2017 ba.

Sai kula da kayan. Ƙurar hunturu in ta rufe farantin sola ba ya cika batir, a riƙa goge shi da tsumma mai laushi da sassafe. Kada a bar batir ya ƙare ƙarƙaf kullum, kada kuma a jona masa dutsen guga ko hita. Ni ɗana ya kashe mini na farko da guga. Fanka in ta fara juyawa a hankali, sau da yawa ɗan abin nan ne da masu gyara ke kira kafasita ya gaji, canza shi bai kai kuɗin sabuwa ba ko kusa. Wani ya taɓa ce mini tawa ta mutu, in bar masa ita. Na kai wa wani, ya gyara ta ina tsaye.

'Yan uwana masu kayan gwari, akwai firjin da ba ya son wuta. Wani malami a Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yaɗa shi har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Dabarar randa ce: ruwa na bushewa yana tafiya da zafi. Tumatirina da ke laushi kwana biyu yanzu yana jira na har kasuwa ta gaba.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe. Hunturun da ya wuce 'yata tana jego, aka kai mata kaskon garwashi ɗaki, aka ja ƙofa, aka toshe taga don kada jariri ya sha sanyi. Da asuba na ƙwanƙwasa shiru. Muka ɓalle ƙofa, muka tarar da ita ba ta iya ɗaga kai, sai amai, jaririn ya yi laƙwas. Allah Ya sa da sauran kwana. A asibiti aka gaya mana gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a ganin ta, mutum yana barci take ɗauke shi. Haka hayaƙin janareta. Don Allah, in an ɗumama ɗaki a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar kafar iska, a ƙara bargo da safa. Wanda ya tashi da ciwon kai da jiri, a fito da shi waje nan take a nufi asibiti.

Roƙona ga shugabanni, a cikin bashin da ƙungiya ke bayarwa a ware kaso na silin da taga da bargo, kafin a zo kan sola. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya maimaita mana.