Jawabi kan saƙonnin damfara da tsare bayanan malamai



An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan saƙonnin da ke kwararowa cikin wayoyinmu ba tare da mun nema ba. Galibinsu da rigar hukuma suke zuwa: ana tantance malamai, ana biyan bashin ƙarin girma, ana rabon tallafi, a latsa nan a cike fom kafin gobe. Masu aiko su ba su san kowa a cikinmu ba. Na'ura ce ke watsa saƙo ɗaya ga dubban lambobi, in kaɗan suka amsa, kasuwa ta yi kyau. Sun kuma san cewa idan albashi ya makara, zuciya kan yi saurin gaskata albishir.

Abubuwan da suke farauta sanannu ne. Akwai lambar BVN mai alƙaluma 11, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a 2014, da lambar NIN, da lambar sirri ta katin cirar kuɗi, sai lamba mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke turowa idan za a buɗe asusu a sabuwar waya. Wanda ya karɓe wannan ta ƙarshe ya ɗauke asusunka ke nan, daga nan sai ya shiga neman rance da sunanka wajen abokan aiki da iyayen yara. Kuɗi za su tafi, mutuncin da aka yi shekaru ana ginawa ya bi su.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka kada mu karanta wa kowa lambar da ta shigo wayarmu, ko da ya ce daga banki yake, domin banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya. Kowa ya shiga saitin WhatsApp ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Masu kula da zaurukan makarantu su riƙa tantance mai son shiga kafin su amince, su sauya mahaɗin gayyata idan ya bazu, su cire lambar da aka sace nan take.

Akwai kuma amanar da ke hannunmu. Rajistar ɗalibai da takardar albashi mai ɗauke da lambobin asusu ba abin ɗauka hoto a watsa ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta wajabta neman izinin iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro.

Wanda tsautsayi ya faɗa wa kada kunya ta rufe masa baki. Ya kira bankinsa a rufe katin, sannan ya sanar da sakataren reshe domin a gargaɗi saura. Duk sanarwar da ta shafi albashi kuwa, mu tabbatar da ita daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma kafin mu tura wa wani.