Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Yakan Ɓoye Yunwa

Karatu: Ayyukan Manzanni 18:24-28

 

Yau za mu ba ku labarin wani laifi ne da muka yi. Mu muka yi shi, mu dattawan wata ikilisiya a Sabon Garin Kano, ba kuwa za mu ɗora wa kowa ba.

A ƙarshen shekarar 2021 wani ɗan'uwa ya shigo sujada a wurinmu. Mutumin Tsibiri ne, kusa da Maraɗi a ƙasar Nijar, shekarunsa arba'in da bakwai, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya yi shekara ashirin yana koyarwa a makarantar firamare, wadda su can suke kira lakwal, malamin kuma su ce masa mushe. Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar, ya ɗauki hutun da ba albashi, ya sayar da shanun nomansa guda biyu, ya biyo ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, ya zo Jami'ar Bayero domin ya yi digiri na biyu a kan harshen Hausa. Burinsa shi ne ya koma ya riƙa rubuta wa yaran ƙasarsu littattafan karatu da harshen da suka sha a nono. Ba za mu faɗi sunansa ba. Malam muke ce masa.

Mun karɓe shi hannu biyu-biyu, ko kuwa mu ce haka muka zata. Muka ba shi kujera a gaba tare da dattawa. Da muka ji yadda yake buɗe Littafi, muka ba shi ajin manya na makarantar Lahadi. Lokacin baikon godiya na kaka, muka rubuta sunansa cikin jerin magidanta, kowa da abin da aka yanka masa. Ya kawo nasa, bai ce uffan ba.

To, a ikilisiyarmu akwai wata al'ada mai kyau. Duk ƙarshen wata zumuntar mata sukan haɗa garin masara da wake da manja da sabulu, su raba wa ɗalibai. Amma wa muke kira ɗalibi? Yaro ɗan shekara ashirin, mai jaka a baya, wanda ba ya jin nauyin cewa, "Mama, yunwa nake ji." Malam kuwa kullum rigarsa a wanke take, a goge. Ba wanda ya taɓa tunanin sa sunansa a wannan jeri. Da ma wani ya kawo shawarar, da mun ce raini ne.

Mu duba abin da ya faru da guzurinsa. Ya yi lissafin shekara biyu, lissafi mai kyau kuwa, irin na malamin da ya saba koya wa yara tarawa da ɗebewa. Sai ga yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, daga watan Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur ba a shiga aji ba. Kuɗin haya bai tafi yajin aiki ba, ciki ma haka. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. Da farko ya ɗan sami sauƙi ta wani gefen, domin da darajar naira ta faɗi, 'yar sefar da matarsa take aiko masa daga cinikin man gyaɗa da ƙuliƙuli takan yi auki in an canza. Amma ran 26 ga Yuli na shekarar nan sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, aka sa wa Nijar takunkumi. Direban da yakan kawo masa saƙo ya daina zuwa. Cinikin matar ma ya tsaya, gama Maraɗi da Katsina da Kano kasuwa ɗaya suke ci. Ba a buɗe iyakar ba sai a watan Maris na 2024.

Duk wannan mun ji shi a rediyo. Mun ma yi addu'a dominsa a cikin sujada, muka roƙi salama ga ƙasar Nijar, mutumin Nijar kuwa yana zaune a tsakiyarmu yana cewa amin, ba wanda ya juya ya dube shi.

Malam bai sami ɗaki a Sabon Gari ba, saboda tsada da nisa. Ya kama wani ɗan ɗaki ne a cikin birni, wajen Ƙofar Dukawuya, inda zai iya takawa zuwa tsohuwar harabar jami'a. Mai gidan wani tsohon Alhaji ne, ɗan kasuwar Kurmi da ya ajiye ciniki. Tun ranar farko Malam ya gaya masa shi Kirista ne. Tsohon ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya tambaye shi ko yana shan giya. Ya ce a'a. Ya ce to, ga mabuɗi.

Wanda bai san cikin birnin Kano ba zai yi mamaki, amma sunayen unguwannin kansu shaida ne. Agadasawa, mutanen Agadas ne. Zangon Barebari, mutanen Barno. Tudun Nufawa, Nufawa. Ayagi, Yarabawa. Madabo kuwa tun zuwan malaman Wangarawa daga ƙasar Mali take karɓar masu neman ilimi. Garin ya daɗe da sanin cewa baƙo yakan zo da kaya a ka, wani kuma da allo a hammata, kowanne yana bukatar zauren da zai sauka. Ita kanta jami'ar a cikin ganuwa aka haife ta. A 1960 ta fara a cikin Makarantar Nazarin Larabci, ba nisa da gidan Sarki, makarantar da aka kafa a 1934 da malaman da aka ɗauko daga Sudan. Sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Alhaji bai karanta wannan tarihi a takarda ba. Abin da ya sani shi ne kakansa yakan saukar da fatake daga arewa, kuma ba a taɓa jin baƙo ya kwana da yunwa a gidansu ba.

Shi ne ya lura. Ya ga risho ya yi kwana uku ba a kunna ba. Ya ga ranar Lahadi Malam yakan fita tun da duhu, a ƙasa, ya ratsa birni daga yamma zuwa gabas, ya fita ta Ƙofar Mazugal, ya bi ta Fagge, don ba shi da kuɗin adaidaita sahu. Mu muna ganinsa ya iso da wuri muna yaba masa himma. Ashe sassafen nan don ya sami lokacin share ƙurar takalmi ne kafin mutane su taru.

Tsohon bai kira shi ya ce, "Na ga kana cikin wahala" ba. Ya san abin da wannan magana za ta yi wa magidanci. Sai ya ce, "Malam, jikokin nan nawa boko ya gagare su. Ko za ka riƙa duba musu lissafi bayan magariba? Ba ni da abin biyanka, sai dai mu ci tuwo tare." Malam ya ce, "Baba, ai wannan ba komai ba ne." Daga ranar, kowane dare akwai kwano biyu a zaure. Da wata ya ƙare Malam ya zo yana kame-kame a kan kuɗin haya, tsohon ya ce ai malamin gida ba ya biyan haya, sai dai in so yake a yi masa dariya a unguwa.

Wata bakwai ana haka, ba mu sani ba. Mun ji ne ranar da zazzaɓi ya kwantar da Malam, wani jikan Alhaji ya zo har majami'a yana tambaya, "Ina mutanen Malam?" 'Yan'uwa, tambayar nan ba ta bar mu mun yi barci ba.

Yanzu mu koma ga karatunmu. Afolos mutumin Iskandariya ne, birnin da ya yi suna da ilimi a zamanin. Ba yaro ba ne. Ya iya magana, ya san Littattafai, har yana koyarwa a majami'ar Afisa. Amma iliminsa da saura, bai wuce baftismar Yahaya ba. Akila da matarsa Bilkisu suka ji shi, suka gane inda ya gaza. Ba su tashi a tsakiyar taro sun gyara masa ba. Suka ja shi gefe, suka ƙarasa masa abin da ya rage. Shi kuma, duk da sunan da ya yi, ya zauna ya koya a wurin masu ɗinkin tanti. Da zai haye zuwa Akaya, 'yan'uwa suka rubuta masa takarda domin a karɓe shi a can.

Me ya buɗe wa Akila da Bilkisu ido? Farkon surar ya gaya mana su ma korarru ne. Sarki Kalaudiya ya kori Yahudawa daga Roma, suka sauka a Koranti da sana'ar hannunsu kaɗai. Wanda ya taɓa kwana a garin da ba a san sunan ubansa ba, shi yake gane baƙo ko da baƙon ya yi ado. Abin kunyar shi ne yawancinmu a Sabon Gari haka muke. Daga Filato muka zo, daga kudancin Kaduna, daga Adamawa, daga ƙauyukan Kano da Katsina. Kowannenmu akwai wanda ya taɓa shimfiɗa masa tabarma. Mun zauna, mun yi ɗaki, mun manta.

Ba sabon abu ba ne babba ya koma aji a ƙasar wasu. Malam Aminu Kano, ɗan cikin birnin nan, yana koyarwa a Bauci ya tafi Landan karatu a 1946. Byang Kato, mutumin Kwoi, yana da mata da 'ya'ya ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki a Landan a 1963, ya dawo ya zama babban sakataren ECWA, sa'an nan ya sāke komawa aji a Dalas ta Amurka a 1970. Muna alfahari da irinsu bayan sun dawo da takarda. Ba mu cika tambayar abin da suka ci a daren da ba kowa ba.

Muna kuma da magana da ku da kuke da wannan niyya, domin mun san akwai ku cikin masu sauraro: malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai bishara da ya ga iliminsa ya yi masa kaɗan. Ba mu ce ku fasa ba. Amma in an ce muku karatun shekara biyu ne, ku yi guzurin uku. Ku zauna da matanku ko mazajenku ku yi lissafin tare, domin wanda aka bari a gida shi ma karatun yake yi, ba a dai ba shi takarda. Kada ku sayar da gonar da iyali suke ci. In takardunku da Faransanci suke, ku sa a fassara su tun kuna gida, ku kuma tambayi kuɗin da ake karɓa a hannun baƙi, gama sau da yawa ba ɗaya yake da na 'yan ƙasa ba. Ku karɓi wasiƙa daga fastonku, irin wadda aka ba Afolos, ku roƙe shi ya rubuta gaskiyar halinku a ciki, ba yabo kaɗai ba.

Sa'an nan ku shirya wa abin da ya fi rashin kuɗi ciwo. Malam ya gaya mana daga baya cewa yunwa ba ta dame shi kamar ranar da ya kasa aika aikinsa ta kwamfuta ba, har wata yarinya sa'ar 'yarsa ta fari ta karɓa ta yi masa cikin minti biyu. A aji in ya ce lakwal sai a yi dariya. Malaminsa ya yi ta jan layi a ƙarƙashin ƴ ɗin da suke rubutawa a Nijar, yana mayar masa da 'y irin tamu. Mutumin da yara ɗari suke miƙewa in ya shigo, ga shi ana gyara masa baƙi da jan biro. Ya haɗiye wannan duka. Abu ɗaya ne ya kasa haɗiyewa, wato ya buɗe baki ya ce mana ba shi da shi. A nan mun gaya masa gaskiya, shi ma yana da nasa laifin. Ya yarda ya koya a hannun yarinya, amma bai yarda ya karɓa a hannun 'yan'uwansa ba. Ya ce, "Baba Fasto, kun sa ni a kujerar gaba. Daga can yaya mutum zai miƙa hannu?" Ba mu sami amsar da za mu ba shi ba.

Da ya warke, mu uku muka tafi cikin birni mu yi wa Alhaji godiya. Muka tuɓe takalma, muka zauna a zaure, aka kawo ruwa. Muka fito da kuɗin hayar wata bakwai a ambulan. Tsohon ya tura mana abinmu da bayan hannu, ya ce in muna so mu ɓata zumunci to mu sāke miƙo shi. Ya ce in lalle sai mun kashe, Malam yana da kundin bincike da za a buga, ga kuɗin rajistar shekarar da ta ƙaru. Can kuɗin suka tafi.

Malam ya gama a 2025, ya koma Maraɗi. Jikan Alhaji na biyu, wanda aka ce boko ya gagare shi, ya ci jarrabawar shiga sakandare.

Lahadin da ta biyo bayan zuwanmu cikin birni, shugabar zumuntar mata ta ɗauki littafinta ta bi kujerun gaba, ba na baya ba. Ba ta tambayi kowa ko yana da bukata ba. Ta ce tana rubuta sunan duk wanda yake karatu ne, kome shekarunsa, domin ƙa'ida ta canza, kowane ɗalibi yana da mudu, mai so da marar so. Ta sami mutum huɗu da ba mu taɓa lissafawa ba. Ɗaya daga cikinsu gwauruwa ce daga Garwa ta ƙasar Kamaru, tana koyon aikin jinya, shekara biyu tana share mana majami'a ranar Asabar.