Wa Zai Yi Jinyar Mai Jinya?

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, kan kare masu kula da tsofaffi daga gajiya mai cin rai



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a tattauna wannan batu. Kusan duk lokacin da muka haɗu mukan tunatar da juna haƙƙin iyaye a kanmu, kuma hakan daidai ne. Yau kuwa ina so in karkata akalar magana zuwa ga wanda ba a cika ambatonsa ba, wato mutumin da ke tsaye a kan tsohon dare da rana: ya tashe shi, ya yi masa wanka, ya ba shi abinci a baki, ya kwashe ba-hayarsa, ya kwana da kunne ɗaya a buɗe.

Irin waɗannan bayin Allah sun kasu gida uku. Akwai ma'aikatan gidajen kula da tsofaffi. Akwai waɗanda muke ɗauka da albashi mu ajiye wa iyayenmu a gida. Akwai kuma 'yan'uwanmu, galibi mata, waɗanda jinya ta faɗa a kansu saboda su ne ba su bar gari ba. Abin da nake so mu tafi da shi guda ɗaya ne: idan mai jinya ya gaji har ya ƙosa, yawanci tsarin aikin ne ya karya shi, don haka tsarin za a gyara. Mu da ke birni kuwa, mu ne muke shimfiɗa wannan tsari, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Me ya sa batun ya shafe mu?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a duniya, kuma za su kai biliyan 2.1 a shekarar 2050, kashi biyu cikin uku nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin tattalin arziki. Tsawon rai alheri ne, amma yakan zo da hawan jini, da ciwon suga, da shanyewar ɓarin jiki, da gigin tsufa. Jinyar da a da take ɗaukar makonni, yanzu takan kai shekaru. A daidai wannan lokaci kuma babban gidan gandu, inda matan gida da jikoki ke karɓa-karɓar hidima, yana ta watsewa, domin mun bazu birane neman ilimi da abinci.

Gidajen kula da tsofaffi ba su da yawa a ƙasarmu, kuma al'adarmu ba ta sake da su ba. Duk da haka akwai su, kamar gidan gajiyayyu na Shahuci a Kano da gidan tsofaffi na Yaba a Legas. A shekarar 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, wadda ta fara aiki a 2021. Haka nan, daga 2022, lokacin da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi, har zuwa 2025 da ta rufe ɗaukar sababbi daga ƙetare, 'yan Nijeriya da yawa sun tafi can sun kama wannan aiki. Ke nan maganar ta riga ta shigo mana gida.

Mece ce gajiya mai cin rai?

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta manomin da ya yini a gona, ya ci tuwo ya kwanta, gari ya waye ya tashi garau. Akwai kuma wadda barci ba ya maganinta. Turawa sun ba ta suna mai ma'anar fitilar da ta cinye manta ta mutu. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Herbert Freudenberger, shi ne ya yi fice da bayyana ta a 1974, bayan ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a birnin New York na Amurka. Sun fara aiki da zumuɗi, amma kafin wani lokaci sai suka koma masu saurin fushi, marasa walwala. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fito da ma'aunin da ake gwada ta da shi har yau. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, inda ta bayyana ta a matsayin matsalar da ke tasowa daga matsin aiki mai tsawo wanda ba a magance ba, ba tare da ta kira ta cuta ba.

Alamominta uku ne. Ta farko, ƙarewar ƙarfi: mutum ya tashi da safe a gajiye kamar bai kwanta ba. Ta biyu, bushewar zuciya: tsohon da a da ake kira Baba ya koma “na ɗaki na huɗu”, kiransa ya zama abin jin haushi. Ta uku, jin cewa duk ƙoƙarin da ake yi ba shi da amfani. Tare da su akan ga ciwon kai, da ciwon baya, da rashin barci, da yawan mantuwa, da fashin aiki.

Daga ina take tasowa?

Maslach da abokin aikinta Michael Leiter sun lissafa wurare shida da ɓaraka ke shigowa: yawan aiki, rashin ta-cewa a kan aikin, ƙarancin sakamako, rashin jituwa da abokan aiki, rashin adalci, da tilasta wa mutum yin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Duk wanda ya san aikin kula da tsofaffi zai ga shidan nan a cikinsa.

Mu ɗauki yawan aiki. Tsohon da ya kwanta ba ya iya juyawa, ana bukatar a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa biyu, dare da rana, don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Idan mutum ɗaya ke wannan, yaushe ya yi barci? Ga ɗagawa da saukewa, abin da ke kashe bayan masu jinya. Ga kuma mai gigin tsufa, wanda ruɗewarsa kan ƙaru daga la'asar sakaliya zuwa dare. Zai maimaita tambaya ɗaya sau ashirin, ya ce ba a ba shi abinci ba alhali yanzu ya ajiye kwano, ya ce an sace masa kuɗi, ya nuna wanda ya fi kowa yi masa hidima. Wanda ba a taɓa koya wa cewa ciwon ƙwaƙwalwa ne ke magana ba, zai ɗauka da gangan ake yi masa.

Akwai kuma wani nauyi da ba a gani. A asibiti majinyaci yakan warke a sallame shi, ma'aikaci ya ji daɗi. A gidan tsofaffi kuwa, mutum zai shekara uku yana hidima da wani har su shaƙu, ranar da ya cika a nannaɗe shimfiɗarsa, gobe a kawo wani. Dangi ake yi wa ta'aziyya, ba mai tunawa da ma'aikacin.

Abin da take haifarwa

Kada mu ɗauka wannan tausayi ne kawai ga ma'aikaci. A 1999 Richard Schulz da Scott Beach na Jami'ar Pittsburgh sun wallafa binciken da suka yi a kan tsofaffin da ke jinyar mazansu ko matansu. A cikin shekara huɗu, waɗanda ke jinya cikin matsi sun fi takwarorinsu marasa jinya haɗarin mutuwa da kashi 63 cikin 100.

Sai kuma abin da ke komawa kan tsohon kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun fuskanci wani nau'i na cin zarafi a cikin al'umma a tsawon shekara guda. A gidajen kula da tsofaffi kuwa, kusan 2 cikin 3 na ma'aikatan da aka tambaya sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani abu makamancin haka, kama daga tsawa da zagi zuwa sakaci. Wannan ba uzuri ba ne ga mai zalunci, amma darasi ne gare mu. Mafi yawansu ba da mugun nufi suka shiga aikin ba, tura ce ta kai bango. Hannun da ya gaji shi ke fizgar tsoho, kuma idon da bai yi barci ba shi ke rikita magani.

Riga-kafi ya fi magani

Mun saba da amsa ɗaya idan mai jinya ya yi ƙorafi: “Yi haƙuri, lada kake samu.” Gaskiya ne akwai lada, kuma haƙuri maganin zaman duniya ne. Amma haƙuri ba ya maye gurbin barci, kuma ba ya biyan kuɗin makarantar yara. Ga matakan da ya kamata duk mai riƙe da gidan tsofaffi, ko mai ɗaukar wani aikin jinya, ya kiyaye.

Na farko, isassun hannuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A raba aikin dare da na rana, kuma mutum biyu su riƙa ɗaga wanda ba ya iya tashi.

Na biyu, hutun da aka san ranarsa. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba ma'aikaci hutun yini guda a cikin kowane kwana bakwai, da aƙalla kwana shida na aiki a matsayin hutun shekara da albashi, bayan ya cika wata goma sha biyu. A Birtaniya doka ta tanadi hutun awa 11 tsakanin tashi daga aiki da komawa. 'Ya'yanmu da ke can su san wannan, kada son tura kuɗi gida ya sa su riƙa haɗa dare da rana, mu kuma mu sassauta musu buƙatu.

Na uku, horo. A koya wa mai jinya yadda ake ɗaga mutum ba tare da an ji ciwo ba, da yadda ake zama da mai gigin tsufa: kada a yi musu da shi, a kwantar masa da hankali, a karkatar da shi zuwa wani zance.

Na huɗu, kayan aiki. Safar hannu, da shimfiɗar roba, da ƙunzugun manya, da keken guragu, da kujerar wanka, da fitila mai caji. Kuɗinsu bai kai na jinyar gyambo ɗaya ba.

Na biyar, albashi a kan lokaci. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000. Kowa ya auna abin da yake biyan mai kula da mahaifiyarsa da wannan ma'auni, ya kuma tambayi zuciyarsa.

Na shida, a ba su ta-cewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ƙasar Holan wani ma'aikacin jinya, Jos de Blok, ya kafa Buurtzorg a 2006, inda ƙananan rukunoni da ba su wuce mutum 12 ba suke tsara aikinsu da kansu a unguwanni, kuma sau da dama an zaɓe ta a matsayin wurin aiki mafi kyau a ƙasar.

Na bakwai, kunnen sauraro. A ware lokacin da ma'aikata za su zauna su faɗi abin da ke damunsu ba tare da tsoron kora ba. Idan an yi rasuwa a yi musu gaisuwa. Wanda kuma aka ga ya daina cin abinci, ko yana yawan kuka, ko yana cewa ya gaji da rayuwa, a gaggauta kai shi ga likita, domin ciwon damuwa yana da magani.

Shawara ga 'yan ƙungiya

'Yan'uwa, da yawanmu mun ɗauka idan mun tura kuɗi a ƙarshen wata mun sauke nauyi. Sai mu zo da salla, mu kwana biyu, mu ga Inna ta rame, mu hau faɗa da ƙanwar da ta shekara ba ta je biki ko suna ba. Wannan ba adalci ba ne. Idan tsohuwa mai gigi ta kira ka a waya ta ce an sace mata zane, ka bincika a tsanake kafin ka ci mutuncin wanda ke wanke mata jiki.

A Jamus, inshorar jinya da aka kafa a 1995 tana biyan wanda zai riƙe wa mai jinyar gida aiki idan ya tafi hutu ko ya kwanta ciwo. Mu ba mu da wannan tsari, amma muna da zumunci, kuma zumunta a ƙafa take. Don haka ina ba da shawara uku. 'Ya'yan kowane gida su tsara jadawalin karɓa-karɓa, maza da mata, kowa ya ba da wani ɓangare na hutunsa na shekara ya zo ya karɓi mai jinya. Ƙungiya ta tanadi kekunan guragu da gadajen jinya da za a riƙa bayarwa aro, idan an gama a mayar. Sannan likitocinmu da ma'aikatan jinyarmu su ware yini guda a lokacin wannan taro su koyar da masu jinyar da ke gari. Idan kuma wata rana ƙungiya ta yi niyyar buɗe wurin kula da gajiyayyu, to ta lissafa albashi da hutun ma'aikata kafin ta lissafa bulo da kwano.

Kammalawa

Mai girma shugaban taro, duk wanda ke zaune a nan yana addu'ar tsawon rai. Idan an amsa, wata rana wani ne zai riƙe mana kofi a baki. Yadda muka riƙi masu jinyar iyayenmu a yau, shi 'ya'yanmu ke kallo, kuma shi za su koya. Ina roƙon kowa, kafin ya koma birni, ya nemi wanda ke kula da tsohon gidansu, ya yi masa godiya, ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci mai daɗi, sannan ya yi wani abu a kan amsar da ya ji.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.